Takalmin da Ya Tsufa a Cikin Kwali

Direban kamfanin ne ya fara gani. Ya tsaya a bakin tasha zai sayi ruwa, sai ya ji wani mai baro yana kiran mutane su zo su ga takalmin da ba ya santsi ko a kan sabulu. Ya ɗauki ɗaya don wasa, ya juya ƙasansa. Ya daɗe yana kallo, har mai baron ya tambaye shi saye zai yi ko haddacewa.

Ƙadangare ne. Haka ma'aikata suka raɗa wa sabon takalmin kamfaninsu, saboda yadda yake kama ƙasa. A tafinsa akwai zane kamar jijiyoyin ganye, kowace jijiya tana korar ruwa gefe, har mutum ya taka jiƙaƙƙen daɓe bai zame ba. Don masu aikin asibiti aka yi shi, da masu wankin mota, da masu sayar da kifi. An fi shekara ana fama da shi, an cika sito da kwalaye, ana jiran ƙarshen wata a fito da shi. Ga shi yau a baro, an zuba kamar albasa.

Mai kamfanin mace ce mai furfura, amma har yau 'Yar Baba ake kiranta, don mahaifinta ne ya kafa wurin, kuma sunansa ake saye. Dillalai kan ce in Baba ya yarda da takalmi, a rufe ido a ɗauka. Shi ya daina zuwa aiki, an ce yana hutawa a gida, daga can yake duba komai.

Ba wanda zai ce 'Yar Baba ta yi sakaci. A ɗakin ciki aka yi Ƙadangare, ɗakin da ta sa aka shafe tagoginsa da fenti. Kowa yana barin wayarsa a kwando wurin mai gadi kafin ya shiga. Ko guntun robar da aka yanke ba a zubarwa a shara, ƙonewa ake yi a gabanta. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a wuyan Mai Zubi, mutumin da ya sassaƙa mazubin takalmin da hannunsa.

Ta kira lauya. Ya ce rajistar zanen ba ta kammala ba, kuma ko an je kotu, kafin a yanke hukunci takalman sun tsufa a ƙafar mutane. Kowa ya san daga ina jabun ke fitowa: wani kamfani ne a bayan layin dogo, na ɗan tsohon abokin Baba. Abin da ba a sani ba shi ne wanda ya kai masa.

*

Amma layin da kamfanin yake bai jira a sani ba. Kafin la'asar mai shayi ya gama shari'a, tela ya sa hannu, mai aski ya ƙara da cewa shi dama bai taɓa yarda da mutumin da ba ya hira ba. Makulli biyu ne, mai kaya ba za ta saci kayanta ba, saura wa? Ga shi kuma an ga Mai Zubi ya tsallaka layin dogo a watan jiya, hannu a kumatu kamar mai ɓoye fuska.

'Yar Baba ta ce masa ya zauna a gida. Ba ta ɗaga murya ba, don tare suka tashi a cikin ƙamshin roba, tun ranar da Baba ya ɗauko shi maraya ya ɗora shi a kan benci. Ta ce in mako ya ƙare ba a samu wani ba, ba ta da yadda za ta yi, sai ta miƙa shi ga 'yan sanda. Ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye mata a tebur. Inda igiyar take kwanciya ya yi fari a fatarsa.

Washegari layin ya sa masa sabon suna, Ci-Amana. 'Ya'yansa suka dawo da sunan daga makaranta. Matarsa tana da ɗan tebur a ƙofar gida, tana sayar da sabulu da ashana, sai ta ga mata suna tsallake ta suna zuwa shagon gaba. Ta rufe teburin da zane, ta tafi neman Duba-Ƙasa.

Duba-Ƙasa tsohon mai bin sawu ne. A da, in dabba ta ɓata ko ɓarawo ya haura katanga, shi ake ɗaukowa. Da aka malala kwalta ko'ina aikin ya mutu, ya koma zama a gindin wata gada, yana kallon ƙafafun masu wucewa kamar mai kallon tsuntsaye. Yana da wasu maganganu da mutane ba su san ko su yarda ba. Yakan ce sawun mai zuwa biki ya fi na mai dawowa tsawo, kuma matar da mijinta ya mutu takan bar masa wuri a gefenta in tana tafiya, har shekara ta zagayo. Wasu suna cewa ya taɓu, amma in akuyarsu ta ɓata wurinsa suke zuwa.

“Kawu,” in ji matar, “ba aikinsa nake so ka ceto ba. Aiki ana samun wani. Sunan nake so a cire mana daga ƙofa.”

Ya ce shi ba ya cire suna, sawu yake bi, kuma inda sawu ya kai shi nan yake tsayawa. Ta ce ta yarda.

*

'Yar Baba ta karɓe shi a ofishinta, idanunta sun kumbura. Ta ce sirri ba akuya ba ne da zai bar sawu, amma tunda lauya ya kasa, kowa ma ya gwada. Ta ba shi izinin tambayar wanda ya ga dama.

Mai gadi ne Duba-Ƙasa ya fara samu. Tun kafin a tambaye shi ya rantse ƙuda ma ba ya wuce shi da waya, sannan ya rage murya ya ce a binciki Mai Zane, don ya taɓa ganin waya ta biyu a cikin safarta.

Mai Zane yarinya ce mai tabarau, ita ta zana jijiyoyin ganyen. Da ta ji maganar sai hawaye suka zubo mata. Ta ciro wayar, wata tsohuwa mai maɓalli wadda ko hoton bango ba za ta iya ɗauka ba, ta ce mahaifiyarta ce kwance, shi ya sa ba ta iya rabuwa da ita. Ta ce zanen nan ta yi mafarkinsa kafin ta zana shi, yaya za ta sayar? Sannan ta share ido ta ce, ba don tana zargin kowa ba, amma motar kamfani tana yawan tsayawa a bayan layin dogo.

Direba ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya roƙi Kawu kada maganar ta kai gidansa. Wata bazawara ce a can, mai sayar da lemo, kuma har yau lemon kawai ya samu.

Mai Zubi yana zaune a tsakar gidansa, hannayensa a kan gwiwa kamar kayan aro. Da aka tambaye shi abin da ya kai shi bayan layin dogo, sai ya buɗe baki ya nuna wani rami a dasashinsa. Mai cire haƙori ne a can. Ya ce ya nuna wa mutane da yawa ramin, amma ba wanda yake son leƙawa.

Duba-Ƙasa ya zagaya bayan kamfanin, ya sami sawu a gindin tagar ɗakin ciki. Wani ya daɗe yana tsayawa a wurin, ba sau ɗaya ba, har ƙasa ta lotsa. Zuciyarsa ta buga irin ta da. Ya bi sawun ta lungu, ta bayan gareji, har ƙofar wani mai gyaran agogo. Mutumin ya amsa cewa shi ne. Ya ce kunnensa ne yake ƙara dare da rana kamar an sa masa sauro a ciki, kuma ba abin da ke kashe ƙarar sai gurnanin injin kamfanin in ya manna kansa a bango. Bai ma san takalmi ake yi a ɗakin ba. Duba-Ƙasa ya koma tare da shi, su biyu suka manna kunne a bangon. Akwai daɗi kuwa. Amma kwana biyu sun tafi, kuma bai samo wa matar Mai Zubi komai ba.

*

Aka yi ruwa da asuba. Da gari ya waye Duba-Ƙasa ya fita bakin tasha, inda kwalta ta cinye ta bar fili na laka mai laushi. Ya tsuguna yana kallo, don ya daɗe bai ga ƙasa ta buɗe baki haka ba.

Ƙadangare ya cika wurin. Manya da ƙanana, masu sauri da masu jan jiki, ko'ina jijiyoyin ganye. Ya daɗe yana jin wani abu bai yi masa daidai ba, kafin ya gane. Duk sawun hagu iri ɗaya ne. Dunduniyar ta zaizaye ta gefen waje, zanen ya dushe a wurin, kamar ta mutumin da ke jan ƙafar hagu. Ga wani ɗan rami kusa da babban yatsa, irin wanda ƙusa ke bari. Ya ɗaga kai ya dubi masu wucewa: ɗan dako, ma'aikaciyar asibiti, wani saurayi yana tsalle yana tsallake kwata. Ba mai ɗingishi ko ɗaya. Amma a ƙasa, duk garin yana tafiya kamar tsoho guda.

Ya je wurin mai baro ya ce a buɗe masa sabon kwali. Takalmin yana ƙamshin sabunta, ƙasa ba ta taɓa shi ba, amma dunduniyarsa ta hagu a zaizaye take, ga ramin ƙusa. Ya koma kamfani ya roƙi 'Yar Baba ta nuna masa na gaskiya. Nasu a miƙe yake sumul.

To, ba daga mazubi aka kwafa ba, ba kuma daga zane ba. Daga takalmin da wani ya riga ya sha tafiya da shi aka kwafa. Ya tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa fita da ƙafa ɗaya. Ta ce ko igiyarsa ba ta bar ɗakin ciki ba, kuma ya ga a fuskarta da gaske take. Ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga musu ƙafa kamar mai duba doki, suna dariya. Ba mai jan hagu.

Sai ya tafi bayan layin dogo tun laka ba ta bushe ba. A ƙofar baya ta wancan kamfani sawun jabu ya yi yawa, amma a cikinsu akwai guda da ya fi saura tsufa. Dunduniyarsa ta ci gaba da cinyewa bayan an kwafe ta, ramin ƙusar ya ƙara faɗi. Wannan ne uban sauran.

Ya bi shi da baya. Bai taɓa bin sawu irinsa ba. A tsakiyar fili, inda babu komai, sawun ya yi kwana kamar yana kewaye wani abu. Duba-Ƙasa ya tona da sanda ya tarar da kututturen bishiyar da aka sare tun da daɗewa. A gaba ya tsaya a jikin wani dogon bango, ƙafa biyu a haɗe kamar mai gaisuwa, kuma in ka duba da kyau za ka ga alamar ƙofar da aka toshe da bulo. Ya tsallaka titi a inda ba mai tsallakawa yanzu. Mai wannan sawu a cikin garin yake tafiya, amma ba garin yau ba.

Sawun ya ƙare a wata ƙaramar ƙofar ƙarfe. Bayan gidan 'Yar Baba ne.

*

Goggo ce ta buɗe, ƙanwar Baba, wadda ke kula da shi in 'yarsa ta tafi aiki. Da ta ga inda baƙon yake kallo, sai ta jawo ƙofar ta tsaya a waje. Ta roƙe shi da girman Allah. Ta ce Yaya ya daɗe da rikicewa, wani lokaci 'yarsa ma yakan tambaye ta ko ita 'yar wace ce. Ba wanda ya sani sai su na gida. In hantsi ya yi yakan sa takalmi ya ce zai tafi aiki, in ta kulle ƙofa sai ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ita kuwa a bayansa ta girma, ba za ta iya kallo ba. Takan buɗe masa, ya tafi, ya dawo kafin azahar da fara'arsa. Ba ta taɓa tambayar inda yake zuwa ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa 'yarsa ba.

Washegari Duba-Ƙasa ya jira a lungu. Baba ya fito cikin riga mai tsabta, dogon tsoho, yana jan ƙafar hagu kaɗan. Ya kewaye bishiyar da babu, ya gaida bango, ya tsaya kamar yana jin amsa, ya yi dariya ya wuce. A ƙofar baya ta wancan kamfani an riga an ajiye masa kujera a inuwa.

Mai wurin ya fito da kansa da kofin shayi, mutum mai ƙiba, mai sanyin murya. Shi ake kira Ɗan Aboki. Mahaifinsa da Baba tare suka fara sana'a a wannan filin, kafin su ɓata su raba kaya, kuma mahaifin ya daɗe a ƙasa. Baba ya kama hannunsa yana kiransa da sunan mamacin, yana yi masa tsiya wai ya yi tumbi.

Ɗan Aboki ya ja Duba-Ƙasa gefe. Bai musa komai ba.

“Kawu, ni ban shiga gidan kowa ba. Shi yake zuwa. Ranar nan ya cire takalmin da hannunsa ya miƙa mini, ya ce duba abin da muka yi. Muka yi, haka ya ce. In kore shi? Mutumin nan ya goya ni.”

Duba-Ƙasa ya ce ba a ce ya kore shi ba, amma ai akwai bambanci tsakanin ba tsoho shayi da cire masa takalmi. Ɗan Aboki ya ce shi ma yana da ma'aikata masu cin abinci. Ya ce ranar ya ba tsohon silifa ya sa, aka danna takalmin a jiƙaƙƙiyar filasta aka ɗauki siffarsa, kafin shayi ya huce an mayar masa. Har ya ƙara da cewa mutanensa sun yi gardama a kan karkacewar dunduniyar hagu, daga baya suka yanke cewa a nan sirrin yake, suka bar ta a kowace lamba.

Da aka ce masa akwai wanda za a kai wa 'yan sanda a kan wannan, sai ya kalli ƙasa. Ya ce Allah Ya kyauta, amma shi ba zai je ya faɗa wa duniya abin da ya yi wa tsoho marar hankali ba, kuma yana jin 'yar tsohon ma ba za ta so a ji ba.

Can a inuwa Baba yana bayani da hannu, yana koya wa wani lebura yadda ake riƙe wuƙar yanka roba.

*

Ranar da wa'adin ya cika, Duba-Ƙasa ya ce a tara masa mutane a ɗakin ciki. 'Yar Baba ta zauna a kan kujera, Mai Zane da Direba da mai gadi suka jingina da bango, kowa yana kaucewa idon ɗan uwansa. Mai Zubi ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. A waje layin ya taru a bakin get, don an ji yau za a zo da 'yan sanda.

Ya ɗora takalma biyu na hagu a kan tebur, na gaskiya da na jabu, ya kifa su. Ya nuna dunduniya, ya nuna ramin ƙusa. Ya ce wanda yake da mazubi a hannunsa ba zai kwafi tsohon takalmi ba, haka mai zane, haka mai hoto. Mai Zane ta saki numfashi. Mai gadi ya ce shi dama ya faɗa, ko da yake ba wanda ya tuna ya faɗi wani abu.

Sannan ya kwance wani ƙunshi da ya aro a wurin Goggo, ya ajiye takalmi na uku.

'Yar Baba ba ta taɓa shi ba. Ta dube shi kawai, fuskarta ta saki a hankali.

“Ni na sa masa,” ta ce. “Da hannuna.”

Ta ce tun tana yarinya haka ake yi: ƙafar farko ta kowane sabon takalmi, Baba ne yake fara takawa. Ko da ya daina gane abin da ake sa masa, ba ta iya dainawa ba. Ranar da Ƙadangare ya fito daga mazubi ta sa ƙafa ɗaya a jakarta, ta durƙusa a gabansa ta ɗaura masa, ya taka tsakar gida ya yi murmushi. Ba ta taɓa lissafa wannan a cikin fita ba. A wurinta ƙafar Baba cikin kamfani take.

Duba-Ƙasa ya faɗi sauran a taƙaice: ƙofar baya, kujera a inuwa, filasta. Direba ya cire hularsa, ya rasa abin da zai yi da ita, ya mayar.

Ta tashi ta ɗauko makullin daga jaka, ta je har bakin ƙofa ta miƙa wa Mai Zubi. Ta kira shi ɗan uwa, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce ya yafe mata, ya dawo aiki gobe. Ya karɓa. Ya riƙe igiyar a hannu bai rataya ba.

“Yaya,” ya ce, “a waje me za a ce?”

Kowa ya san abin da zai biyo baya in aka faɗi gaskiya. Dillalai za su ji cewa Baban da ake cewa ya duba ya yarda, bango yake gaisarwa. Kwalayen da ke sito, waɗanda jabu ya riga ya karya musu kasuwa, sunan Baba ne kaɗai ya rage zai sayar da su. In sunan ya faɗi, kamfanin ya faɗi da duk wanda ke cikinsa. Ga yaran layi, da za su fara bin tsohon a baya suna kwaikwayon tafiyarsa.

Direba ya ce a ce ɓarawo ne ya shigo ta taga. Mai gadi ya ce to shi kenan an mayar da laifin kansa. Mai Zane ta ce a ce ba a gano kowa ba, sai ta ji da kanta cewa wannan bai cire sunan daga ƙofar kowa ba. Aka juya maganar ta kowace fuska, duk inda aka ajiye ta sai ta danne wani. 'Yar Baba ta ce in Mai Zubi yana so ta fita yanzu ta faɗa, za ta fita. Ta faɗi haka tana riƙe da gefen tebur, kuma ba ta motsa ba.

Suka dubi Duba-Ƙasa. Ya ce shi sawu aka ce ya bi, ya bi. Bai taɓa kai sawu ƙarshe ya rasa wanda zai nuna ba sai yau.

Mai Zubi ya matso ya ɗauki takalmin Baba, ya shafa dunduniyar da babban yatsa. Ya tambaya ko tsohon yana ambatonsa. 'Yar Baba ta girgiza kai. Ya ajiye takalmin, ya ce daga gobe shi zai riƙa zuwa da hantsi ya raka shi, ya bi da shi wata hanya. Ya ce maganar nan kada ta wuce ɗakin, ko a gidan kowa, ko a gidansa, don matarsa in aka zage ta a bakin famfo ba za ta iya riƙewa ba. Sannan ya rataya makullin a wuya ya fita.

*

Mutane suka dare da aka buɗe get. Ba 'yan sanda, ga kuma makulli a wuyan Ci-Amana. Matarsa tana gaba, ta yi kwalliya kamar mai zuwa karɓar baƙo. Ta dubi makullin, fuskarta ta fara haske.

“Me aka ce?”

“An ce in dawo aiki.”

“An ce ba kai ba ne?”

Mai shayi ya matso, tela ya matso, mai aski ya bar mutum da rabin kai. Mai Zubi ya dubi fuskokinsu. Makulli ba ya komawa wuyan mutum haka kawai, dole a ba su dalili, kuma in bai ba su ba za su tona har su kai ƙofar baya.

“An yafe mini,” ya ce.

Aka yi guna-guni. Mai shayi ya ce kai, 'Yar Baba akwai haƙuri, shi da shi ne da sai an ɗaure. Tela ya ce ai dama.

Matar ta juya ga Duba-Ƙasa, wanda ya fito a baya yana dogara sanda.

“Kawu, ni na ɗauko ka. Kai ka faɗa mini.”

Ya buɗe baki. Ya dubi Mai Zubi, Mai Zubi ya dube shi. Sannan tsohon ya ce mata, “Na bi sawun har inda ya ƙare, 'yata.” Ta jira sauran. Bai zo ba.

Ta daɗe tana kallon mijinta, kamar tana neman wani da ta sani a fuskarsa.

“Ashe ka yi,” ta ce a hankali.

“Mu je gida,” in ji shi.

Ta wuce gaba, ba ta jira shi ba.